Gina Bututun Hayaƙi A Zariya: Wa Ke Da Alhakin Ran Birkila?

Duk wanda ya yi sammako ya fito ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada ya nufi Kongo, ba zai rasa ganin hayaƙi yana tashi daga bayan wasu gidaje ba tun kafin rana ta ɗaga. Galibin wannan hayaƙi na gidajen biredi ne, waɗanda har yanzu da yawansu da itace suke gashi, a cikin manyan tanduna da aka gina da jan bulo. Kowace tanda kuwa tana da bututun da ke janye hayaƙinta zuwa sama, wani na ƙarfe, wani na bulo. Mai sayen biredi ba ya ɗaga kai ya dubi wannan bututu, balle ya tambayi kansa yadda aka yi mutum ya hau can ya jera bulon ƙarshe. Amma mutum ne ya hau, kuma sau da yawa ya hau ne a kan abin da bai kamata a ɗora ko buhun siminti a kai ba.

Ba gidajen biredi kaɗai ke da wannan bukata ba. Akwai wuraren ƙona shara na asibitoci, da manyan ɗakunan girki na makarantun kwana, da ƙananan masana'antu masu hura wuta. Dukkansu ana ɗaukar bututun hayaƙinsu a matsayin ƙaramin aiki, watau abin da ake ƙarasawa bayan an gama ainihin gini, a ba birkila ɗaya da leburori biyu ko uku su yi shi a kan jinga. Daga wannan raini ne haɗarin yake farawa.

YADDA MAGINAN DA SUKE AIKI

Zariya ba baƙuwar gini ba ce. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka gina Masallacin Juma'a na cikin birni, kuma wanda ya gina shi, Muhammadu Durugu, shi ne ake kira Babban Gwani. Bakan gizo da tulluwar da ya ɗaura da ƙasa da azara har yau masana gine-gine daga ƙasashen waje suna zuwa kallonsu, kuma unguwar da zuriyarsa ke zaune tana amsa sunan Babban Gwani. Sana'ar tana da shugabanci nata a ƙarƙashin Sarkin Magina, yaro kuma ba ya zama magini sai ya shekara da shekaru yana kwaɓa ƙasa yana miƙa tubali.

Abin lura a nan shi ne yadda maginin gargajiya yake aiki a sama. Ba ya bukatar wani dandamali. Bangon ƙasa yana da kauri ƙwarai daga gindi, yana raguwa kaɗan-kaɗan zuwa sama, saboda haka magini yakan hau kan bangon ya zauna kamar mai hawan doki, yaransa na ƙasa suna jefo masa tubali da curin ƙasa yana cafewa. Bugu da ƙari, ƙasa ba ta yarda da gaggawa. In an ɗora 'yan layuka tilas a dakata su sha iska su bushe kafin a ƙara, in ba haka ba bangon ya zauna. Gini kuma aikin rani ne, ba wanda ke tayar da soro da damina. Ke nan kayan aikin da kansu sun tilasta wa magini haƙuri, kaurin bango kuma ya ba shi wurin zama.

Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, sai ga siminti da kwano da jan bulo sun fara shigowa, aka kuma sami sabon mai sana'a, watau birkila. Daga baya, a shekarun 1970, Gwamnatin Tarayya ta kafa masana'antun jan bulo a wurare kamar Jos da Kaduna da Kano da Maiduguri. Kayan aiki sun canja, amma wasu halayen aiki ba su canja ba. Har gobe ana ganin birkila ya taka kan layin da ya jera da hannunsa awa ɗaya da ta wuce, lebura kuma yana jefa masa bulo daga ƙasa. Abin da ya yi daidai a kan bangon ƙasa mai kaurin kamu biyu, a kan bututun da kaurin jikinsa bai wuce inci 9 ba ganganci ne tsantsa.

INDA HAƊARIN YAKE

Bututun hayaƙi ya bambanta da bangon ɗaki. Bangon ɗaki yana da 'yan'uwa da ke riƙe shi ta kusurwa huɗu, ga linta, ga rufi. Shi kuwa bututu, da zarar ya wuce rufi, shi kaɗai yake tsaye, siriri, dogo, iska tana bugunsa ta kowace fuska. Shi ya sa ƙa'idar gini ta Ingila ta ce tsawon abin da ya fito sama da rufi kada ya wuce ninki huɗu da rabi na faɗinsa ta gefen da ya fi ƙanƙanta. Alal misali, bututu mai faɗin ƙafa 2 bai kamata ya zarce rufi da fiye da ƙafa 9 ba sai an yi masa wani tallafi. Wanda kuma zai tashi tun daga ƙasa yana bukatar harsashi mai faɗi, da jiki mai kauri a gindi wanda ke tsukewa zuwa sama, kamar dai yadda magabata suke yi wa ganuwa.

Sai maganar kwaɓi. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce ke sa shi ƙanƙara a hankali. Injiniyoyi suna auna cikakken ƙarfinsa ne a kwana 28, a kwana 7 kuwa bai fi kashi biyu cikin uku ya samu ba. Kwaɓin da aka shimfiɗa da safe, da la'asar ɗanye ne, ko da ya yi fari a ido. A nan ne hunturu ke yaudarar mutane. Busasshiyar iskar Disamba da Janairu takan zuƙe ruwan kwaɓi tun bai gama aikinsa ba, jan bulo kuma in ba a jiƙa shi ba yakan shanye sauran, sai a ga gini ya yi kamar ya kama alhali in an sa yatsa kwaɓin marmashewa yake yi. Birkilan da ya san aikinsa yakan jiƙa bulo kafin ya jera, ya riƙa ba ginin ruwa safe da yamma, ya kuma ƙayyade abin da zai ɗora a yini. Amma mai jinga da ƙyar yake iya wannan haƙuri, domin kuɗin aikin ɗaya ne ko ya gama a kwana 3 ko a kwana 10, mai tanda kuma yana tsaye a kansa yana lissafin buhunan fulawar da zai murza.

Lokaci na biyu mai haɗari shi ne farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, sa'ad da hadari kan taso da iska mai ƙarfi wadda ke yaye rufin gidaje a ƙasar Zazzau kusan kowace shekara. Bututun da bai gama kamawa ba, ko wanda aka bari rabi da rabi ba tare da tokari ba, shi ne farkon abin da irin wannan iska ke kayarwa. A Amurka doka ta tilasta a tokare duk bangon bulo da ya wuce ƙafa 8 har sai an haɗa shi da abin da zai riƙe shi, a kuma killace gefensa da faɗin da ya kai tsawon bangon da ƙarin ƙafa 4, kada kowa ya shiga sai masu jera bulon. A lungunan Tudun Wada da Gyallesu, inda gida ke manne da gida, wannan fili sau da yawa tsakar gidan maƙwabci ne, inda mata ke girki yara ke wasa.

Tarihi ya nuna cewa wannan ba tsoratarwa ba ce kurum. Ran 28 ga Disamba 1882, a garin Biradfod na Ingila, bututun hayaƙin wata masaƙa mai tsawon ƙafa 255 ya rikito a kan ma'aikata da safe, ya hallaka mutum 54, da yawansu yara da matasa. Tun ana gina shi, shekara ashirin kafin nan, ya karkace, maimakon a rushe shi sai aka yanke wani sashe na jikinsa don ya miƙe, aka ci gaba da amfani da shi har ranar da iska ta gama da shi. Ran 27 ga Afrilu 1978 kuma, a jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka, mutum 51 suka mutu nan take a wajen gina wata hasumiyar tashar lantarki, domin dandamalin da suke tsaye a kai an maƙala shi ne a jikin kankaren da aka zuba jiya-jiya. Haka nan a Korba ta ƙasar Indiya, ran 23 ga Satumba 2009, bututun da ake ginawa ya rushe ana cikin ruwa da iska, fiye da mutum 40 suka rasu. Waɗannan manyan gine-gine ne, na gidan biredi kuwa bai fi ƙafa 20 ko 30 ba, amma dalilan faɗuwar ba su da bambanci: harsashi marar kyau, ɗanyen kwaɓi, iska, da kuma wani mai iko da ya ce a ci gaba.

TSANI DA DANDAMALI

Duk da haka, rushewar gini ba ita ce ta fi cin rayukan magina ba. Faɗowa daga sama ita ce kan gaba a ko'ina cikin duniya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin mutum 60,000 ke mutuwa kowace shekara a wuraren gini, watau mutum ɗaya cikin kowane minti goma.

Dandamalin da aka saba gani a ƙananan ayyuka abin tausayi ne. Akan kafa gora ko sandunan turare, a ɗaure da igiyar leda ko a buga ƙusa biyu, a shimfiɗa katako guda ɗaya wanda ya sha kankare ya sha rana. Wani lokaci ma ganga ake ɗorawa kan ganga, ko a jingina tsanin gwangwala a jikin ginin da ake yi. A kan wannan katako ɗaya birkila zai tsaya, ga kwanon sarki cike da kwaɓi, ga tarin bulo, ga lebura yana hawowa da wani. Babu abin dafawa a baya. Mutum yana duƙe yana duban igiyar awo, in ya ja da baya taki ɗaya sai ƙasa.

Abin da ake bukata ba wani abin ƙasar waje ba ne, kowane kafinta a Zariya zai iya yin sa. Dandamali ya tsaya da ƙafafunsa a kan ƙasa mai ƙwari, da katako a ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ta nutse, kada kuma a dogara da sabon ginin wajen riƙe shi. A yi masa tokari gicciye. Wurin tsayawa ya zama katako uku ko huɗu a jere ba rata, a ɗaure su. A sa abin dafawa daidai ƙugu, kimanin mita ɗaya, da wani a tsakiya, da kuma ɗan katako a tsaye a bakin dandamalin don tare bulo ko cokali kada ƙafa ta shure shi ƙasa. Ƙa'idar Amurka ta ce dandamali ya iya ɗaukar ninki huɗu na nauyin da za a ɗora masa. Tsani kuwa, in tsawonsa zuwa inda ya jingina ƙafa 12 ne, gindinsa ya nisanci bango da ƙafa 3, watau ɗaya cikin huɗu, a ɗaure kansa, ya kuma zarce wurin sauka da kamar mita ɗaya don mai hawa ya sami abin kamawa.

Game da jifan bulo, lissafi ya isa hujja. Jan bulo guda yana da nauyin kimanin kilo 3. In ya kuɓuce daga ƙafa 30, kafin daƙiƙa ɗaya da rabi ya iso ƙasa, yana gudun kusan kilomita 50 a awa. Wanda ke ƙasa ba shi da lokacin kaucewa, kuma yawanci shi ne mafi ƙanƙanta a wurin, yaron da ke koyon aiki ko almajirin da aka ɗauka aikin yini. Guga da igiya da kura, irin waɗanda ake jan ruwa da su a rijiya, sun wadatar wajen ɗaga kaya. Hular kwano kuma an fi bukatarta a kan lebura na ƙasa fiye da kan ɗan kwangilar da ke zuwa duba aiki, ko da yake a zahiri shi aka fi gani da ita.

Akwai kuma cutarwar da ba ta da ƙara. Ɗanyen siminti yana cin fata kamar toka mai kaifi, shi ya sa hannuwa da ƙafafun leburori ke tsattsagewa, musamman masu taka kwaɓi da silifa. Ƙurar da ke tashi in ana yanka bulo da injin tana ɗauke da garin dutse mai lalata huhu a hankali, ba ya kuma warkewa. Zuba ruwa a kan abin da ake yankawa yana rage ta ƙwarai. Wayoyin lantarki da ke ratsa saman gidaje sun isa su kashe mai ɗaga rodi ko tsanin ƙarfe. Mafi muni shi ne gyaran tsohon bututu. Mai tanda ba ya son wutarsa ta mutu kwana biyu, sai a tura mutum ya shiga ko ya leƙa ciki alhali garwashi bai gama mutuwa ba. Garwashin da ke ci a rufe yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Farkonta ciwon kai da jiri, kuma jiri a kan tsani ya ishe mutum ajali.

In tsautsayin ya auku, abin da jama'a ke yi cikin tausayi sau da yawa yana ƙara ɓarna. Akan ruga a cicciɓi wanda ya faɗo, wani ya kama hannu wani ƙafa, a cusa shi cikin Keke Napep a zaune. In ƙashin baya ko na wuya ya tsage, wannan ɗauka ce ke ƙarasa yanke lakar, mutumin da zai iya warkewa ya zama gurgu har abada. Kamata ya yi a bar shi kwance yadda yake, a riƙe kansa kada ya juya, a mirgina shi gaba ɗaya a kan ƙofa ko faffaɗan katako, sannan a kai shi asibiti a kwance. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, Asibitin Ƙashi na Dala kuma yana Kano. Maɗori yana da ranarsa, amma ba a kan kai da gadon baya ba.

ABIN DA DOKA TA CE

A nan ne sunan Kongo ya shigo da nauyi. Tun 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a wannan wuri, ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, sannan ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A nan Tsangayar Shari'a ta jami'ar take, kuma daga nan alƙalai da lauyoyi da manyan ma'aikatan gwamnati masu yawa na Arewa suka fito. Dokokin ƙwadago da na diyya ana karantar da su a ajujuwan Kongo kowace shekara. Birkilan da ke kan katako ɗaya a bayan katangar makarantar kuwa da wuya a ce ya taɓa jin sunansu.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa masu masana'anta nauyin kare ma'aikatansu, ta kuma ce duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3 tilas a sanar da sufeton masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Sai dai masana sun daɗe suna kukan cewa ma'anar masana'anta a cikin dokar ba ta rungumi filin gini sosai ba, tarar da ta yanka kuma hauhawar farashi ta mai da ita abin dariya. Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan lafiyar ma'aikata a 1994, an kuma fito da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa a 2006. A Jihar Kaduna hukumar KASUPDA ce ke ba da izinin gini. Amma bututun da aka ƙara a bayan gida bayan an gama komai, ba kasafai yake shiga cikin zanen da aka kai wa hukuma ba.

Dokar da ta fi kusa da bukatar lebura ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987. Ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, daga nan ne za a biya kuɗin magani da diyyar naƙasa, ko a biya iyalin wanda ya rasu. Ba ta ware ɗan aikin yini ko mai koyon sana'a ba. Ta ba ma'aikaci ko iyalinsa kwana 14 su sanar da mai aikin, shi kuma kwana 7 ya sanar da hukumar, neman diyya kuma a yi shi cikin shekara guda. A takarda wannan kyakkyawan tsari ne. Matsalar ita ce, a aikin jinga ba a san wane ne mai ɗaukar ma'aikata ba. Mai tanda zai ce shi birkila ya ba aiki, birkila zai ce shi ma ɗan ƙwadago ne, lebura kuwa da safe aka ɗauko shi daga bakin titi inda masu shebur da diga ke zaman jiran aiki, ko cikakken sunansa ba wanda ya rubuta.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mai aiki ya biya kuɗin asibiti na kwanakin farko in mai kirki ne, ya je gaisuwa da ɗan abin da ya samu, dattawan unguwa su sasanta, magana ta mutu. Yarda da ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke alhaki daga kan wanda ya ga katako ya ruɓe ya ce a hau ba, kuma malaman shari'ar Musulunci, waɗanda su ma Kongo ke da cibiyarsu, sun san babin lamuni da diyya tun kafin a rubuta dokar Turawa.

Ƙungiyoyin birkiloli da na masu gidajen biredi su ne suka fi kusa da wannan al'amari fiye da kowane sufeto. Su ne za su iya tsayar da cewa kuɗin dandamali a rubuta shi daban a cikin jinga, mai aiki ya biya, don kada birkila ya riƙa ganin kowane katako da ya saya daga abincin 'ya'yansa ya fito. Su ne kuma za su iya cewa aikin bututu a biya shi da yini maimakon jinga, a rubuta sunan kowane lebura da na wani nasa kafin ya taɓa kwanon sarki, kuma kada a hura wa sabuwar tanda babbar wuta sai ginin ya yi makonni yana kamawa, a fara da 'yar ƙaramar wuta don danshi ya fita a hankali. Sashen Koyon Gini na jami'ar yana Samaru, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli ma tana cikin Zariya, kuma ɗalibansu suna neman wuraren gwajin aiki kowace shekara. Daga Samaru zuwa lungunan da ake wannan gini bai kai tafiyar awa guda a mota ba.